Kafin ka sayi kwano, dubi gindin bangonka

 Hatsi ya shiga rumbu. An sayar da wake da riɗi. Yaran da suka tafi ci-rani sun fara aiko da ɗan abin da suka samu. Yanzu ne maigida kan zaga gidansa, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce: "Bana sai an gyara."

Daga Magarya zuwa Bande, daga Dungas zuwa Dogo-Dogo, in mutum ya ce zai gyara gida, galibi abu guda ne a ransa, wato kwano. Kwano yana ƙyalli, ana hango shi daga nesa. Kowa ya gani ya san an samu buɗi a gidan.

Ni dai ra'ayina shi ne kwano yana da amfaninsa, amma bai kamata ya zama farkon abin da kuɗin gyara za su tafi gare shi ba. Akwai ayyukan da suka gabace shi. Ba a hango su daga titi, amma su ne ke tsare rai da lafiya. Bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da damanar 2024 ta nuna mana

Ba wanda ya manta da damanar 2024. Ruwa ya kashe mutum fiye da 300 a faɗin Nijar, ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasu, gini ne ya faɗo musu. Ranar 3 ga watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, bayan ya yi shekara fiye da 150 a tsaye.

Tun daga nan wasu suka yanke hukunci cewa ginin ƙasa ya tashi aiki. Ban yarda ba. Ginin da ya yi shekara 150 ba za a ce masa ginin banza ba. Abin tambaya shi ne: ta ina ruwa ke kayar da ɗaki?

Ta wuri biyu ne, ta ƙasa da ta sama. Ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu ko uku, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, nauyin ɗaki ya danne ta, sai bango ya zauna. A garuruwan da ke kusa da Korama da tafkuna abin ya fi tsanani, domin ruwa na kusa, kuma gishirin ƙasa yana cin gindin bango ko da rani. Awaki suna lasa, suna goga jiki, wurin yana ƙara ramewa. Ta sama kuwa, indararo ya toshe ko ya yi gajarta, ruwa ya riƙa bin jikin bango yana yanka shi.

Wanda ya ɗora kwano sabo a kan bangon da gindinsa ya cinye bai tsare kowa ba. Hasali ma, in kwanon bai fito waje sosai ba, duk ruwan rufin a gindin bango zai zuba.

Rufin ciyawa

Jinka ita ce rufin kakanninmu. Tana da sanyi da rana, kuma ba ta riƙe zafi da dare. Ba a zuwa kanti dominta. In ta faɗo ba ta cika kisa ba.

Aibinta na farko gobara. Da hunturu, tartsatsi guda kan cinye unguwa har da rumbuna. Na biyu, ba ta daɗewa, bayan ƴan shekaru sai an sake. Shuci da gamba kuma sun yi wuya, domin gonaki sun cinye saura. Na uku, tsakanin kan bango da jinka akwai kafa, kuma ta nan sauron zazzaɓi ya fi shiga ɗaki. Wanda zai ci gaba da jinka, ya cike wannan kafa da laka, ya nisanta murhu.

Rufin soro

Soro yana tare zafin rana. Ba ya ƙara in ana ruwa. Tartsatsi ba ya kama shi. Da hunturu yana da ɗumi. Sai dai da bazara yakan riƙe zafin yini har cikin dare.

Ƙarfin soro yana ga azara. Azarar giginya ita ce ta ƙwarai, domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Amma giginya ta yi ƙaranci. Tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma doka ta hana sare ta ba tare da izinin ma'aikatan gandun daji ba. Shi ya sa yau ake rufi da dogon yaro da turare, waɗanda gara ke ci ta ciki alhali waje yana nan lafiya.

Ga kuma wata al'ada mai haɗari. Kowace shekara sai a ƙara ƙasa a kan rufi, ba a kwashe ta bara ba. Shekara goma, rufi ya yi nauyin da azara ba ta iya ɗauka. In ruwan Agusta ya jiƙa shi, nauyin ya ƙaru, sai ya rufto da dare mutane na barci.

Mai soro ya yi abu huɗu kafin damana. Ya ƙwanƙwasa kowace azara, wadda ta yi ƙarar fanko a canza ta. Ya kankare tsohuwar ƙasa kafin ya sa sabuwa. Ya shimfiɗa leda a ƙarƙashin ƙasar, ya karkata rufin yadda ruwa ba zai kwanta ba. Ya sa indararo mai tsawo, ya jera duwatsu a inda ruwan ke zuba.

Rufin kwano

Mu ba kwano haƙƙinsa. Ba shi da nauyi. Ba ya rufto wa mutane kamar ƙasa. Ba ya son gyara kowace shekara. Itacen da yake ci bai kai na soro ba. Ana iya tarar ruwan samansa a tulu ko a duro.

Amma kwano sai da kuɗi a hannu, ba manomin da ke iya ƙera shi. Mai araha siriri ne, ba ya jimawa sai tsatsa, araha kuwa ba ta ado. In ba a ɗaure shi da kyau ba, iskar farkon damana tana yaye shi, kuma kwanon da ke tafiya cikin iska wuƙa ne.

Babban aibinsa zafi. A watan Afrilu da Mayu, ɗakin kwano marar silin tanda ne. Maigida yana gindin bishiya ko kasuwa. Wa ke cikin ɗakin da azahar? Mai jego da jaririnta, da tsoho, da marar lafiya. Su ne zafi ya fi yi wa lahani. Da damana kuma, in ɗaki ya yi zafi da farkon dare, sai a yaye gidan sauro don a sha iska, ko a fita waje a kwanta haka nan.

Saboda haka kwano kaɗai rabin aiki ne. Wanda zai sa shi, ya lissafa da sauran rabin. Ya ɗaga bango ya yi tsawo. Ya yi silin, ko da na zana ko na tabarma ne. Ya bar ƴan ƙananan tagogi can sama, da raga, don zafi ya fita. Ya bar kwanon ya fito waje kamar kamu ɗaya, ya kare bango. Ya ɗaure katakon da waya mai kauri, wayar ta nutse cikin bango layi uku ko huɗu na bulo. In da hali a shafa farin fenti, domin fari yana mayar da zafin rana. Wanda kuɗinsa bai kai ga waɗannan ba, gara ya dakata sai baɗi.

Gini ba itace

Akwai hanya ta huɗu, wadda ba ta son azara, ba ta son kwano. Ana jera ƙananan bulon ƙasa a lanƙwashe har su haɗe a sama, su zama ƙubba ko baka. Asalin dabarar daga ƙasar Nuba ne, a bakin kogin Nilu. Wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta fara gwada ta a Nijar a 1980, a garin Cikal na ƙasar Filinge. Daga baya aka koyar da magina masu yawa a jihohin ƙasar nan. Idonmu ya saba da siffar, domin ta yi kama da bakan gizo na tsofaffin zauruka, sai dai shi bakan gizo da azara a cikinsa.

Amfaninta a fili yake. Gara ba ta da abin ci. Ba a sare bishiya. Kuɗin aikin yana tsayawa a gari, a hannun magini da masu buga bulo da masu jan ruwa.

Wahalarta kuma ba ƙarama ba ce. Tana cin bulo da ruwa da yawa. Bango sai ya yi kauri, domin nauyin rufin yana tura shi waje. Tana son yaɓe a kan lokaci. Ba a yin ta a kwari. Uwa uba, sai maginin da ya koya a hannun gwani. Kada ka yarda wani ya koyi wannan aiki a kan ɗakin da ƴaƴanka za su kwana. Ka nemi ya nuna maka ɗakin da ya gina wanda ya ci damana uku ko huɗu.

Masu ganin ƙasa kayan talaka ce su tuna da garin Dandaji na jihar Tawa. A 2018 aka gama babban masallaci a can, da bulon jar ƙasa da aka matse da inji. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara ginin ƴar ƙasar nan ce, Mariyama Isufu Kamara, kuma aikin ya yi suna a duniya.

Bango: ƙasa ko siminti?

Bulon siminti ba ya narkewa a ruwa. Wannan gaskiya ce. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta rage kuɗin siminti. Duk da haka, gina ɗaki sukutum da siminti ya fi ƙarfin yawancin manoma. Kuma bangon siminti siriri ne, zafi na ratsa shi da sauri. In mai buga bulo ya ja buhu guda ya fitar da bulo fiye da ƙima, za ka sayi yashi ne da kuɗin siminti.

Shawarata a bi tsakiya. A haƙa tushe, a gina shi da dutse ko bulon siminti mai kyau har ya kai gwiwa a saman ƙasa. Daga nan a ci gaba da bulon ƙasa. Buhu kaɗan za a kashe, kuma an sa su daidai inda ruwa ke kai hari. Tsohon ɗaki kuma a cike gindinsa, a yi masa dakali mai gangara, a buɗe wa ruwa hanya ya fita daga tsakar gida. A yi shawara da maƙwabta, kada ka kori ruwa daga bangonka ka tura shi bangon wani.

A yi hattara da shafen siminti a kan bangon ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna sosai. Bayan ƴan shekaru shafen yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya, bango ya riƙa lalacewa a ɓoye, ido yana ganin lafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In dole ne, a fara da bangon gabas, domin daga gabas hadari ke dukanmu, kuma a kafa ƙusoshi da waya kafin a shafa. Sauran bangaye, yaɓen ƙasa da ƙaiƙayi da kashin shanu ya isa, muddin ana sabunta shi. Inda ake samun makuba, ita ma tana hana ruwa shiga.

Ɗaki yana son iska

Ɗakuna da yawa a ƙauyukanmu ba su da taga ko ɗaya. Wasu suna da ita, an toshe da tsumma. Mutum shida ko bakwai suna kwana ciki, ƙofa a rufe. Numfashin da wannan ya fitar shi wancan ke shaƙa. Ta haka tarin fuka da ƙyanda da sanƙarau ke yaɗuwa.

Ba labarin nesa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga farkon Nuwamba na 2022 zuwa ƙarshen Janairu na 2023, an samu mutum 559 da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Fiye da rabinsu daga yankin Dungas suke. Allurar rigakafi ita ce babbar garkuwa. Amma rage cunkoso da buɗe taga suna taimaka mata.

Na san abin da za a ce: ɓarawo, da ƙurar hunturu, da idon masu wucewa. Duka gaskiya ne, kuma duka suna da magani. A yi tagar ƙarama, a ɗaga ta sama da kan mutum, a gitta ƙarfe, a sa raga da murfi. A yi biyu suna kallon juna, domin iska ba ta shiga inda ba ta da mafita.

Raga tana da wani aikin. A ƙasar Gambiya an yi gwaji a gidaje kusan 500, aka bayyana sakamakon a 2009. Gidajen da aka sa wa raga, sauron da ke shiga ya ragu da kusan rabi, kuma ƙarancin jini ya ragu ga yaransu. Sai dai wani gwajin da aka bayyana a can a 2021 ya nuna gyaran ɗaki bai rage zazzaɓi ga yara ba. Darasin shi ne raga ba ta maye gurbin sange. A yi duka biyu. Duk wanda ya taɓa shiga sashen yara na asibitin Magarya a watan Satumba, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki tun 2005, ya san abin da sauro ke yi mana.

A kula da ramin da aka haƙa don buga bulo. In an bar shi a bayan gida, da damana zai zama gidan sauro na gaske, kuma yaro na iya faɗawa. A haƙa nesa, ko a cike shi.

Madafa, masai da turke

Waɗannan uku ba a cika sa su cikin lissafin gyara ba, alhali nan ne cuta ta fi fitowa.

Mace tana girki a ɗaki marar mafitar hayaƙi, da goyo a bayanta. Hayaƙin da ya baƙanta rufi, shi ne ke shiga ƙirjinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutum kusan miliyan 3 a duniya kowace shekara. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe da murhun laka irin Albarka ba su cin kuɗi, kuma suna rage itace.

Gidan da ba masai, ƙuda ne ke kai kashi cikin tuwo. A haƙa masai, a yi masa daɓen siminti da murfi, a ajiye buta da sabulu ko toka a ƙofa. Ya yi nisan mita 30 daga rijiya, wato kamar taki 40 na babban mutum. A wuraren da ruwa ke kusa, kada ramin ya yi zurfi, gara a ɗaga shi sama. A nemi shawarar malamin tsabta.

Turken dabbobi kuma a matsar da shi daga madafa da ƙofar ɗaki. A riƙa share takin ana tarawa wuri guda. A tsakar gida cuta ne, a gona kuwa hatsi ne.

Lissafi kafin a taɓa rumbu

Wani zai ce: "Malam, ɗana zai yi aure, iyayen amarya sun ce sai ɗakin kwano." Wannan nauyi ne na gaske, ba na raina shi. Mutunci ma abin nema ne. Amma iyayen amarya ƴarsu suke so ta zauna lafiya. A zauna da su, a nuna musu lissafi. Ƙaramin ɗakin kwano mai silin da taga da tushe ya fi babba wanda ba shi da ko ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne inda kuɗin ke fitowa. Da kaka hatsi ba ya daraja. Mutum ya kwashe rumbu ya sayar da araha, ya sayi kwano. Da damana ya koma kasuwa yana awo da tsada, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Wani ya sayar da san noma. Wani ya jinginar da gona. Ba a tuƙa kwano a ci. Kafin a taɓa dami ɗaya, a ware abincin shekara da iri.

Ga jerin da nake ba da shawara a bi:

1. Gindin bango da hanyar ruwa.
2. Azara da indararo na rufin da ake da shi.
3. Masai mai murfi.
4. Taga biyu da raga, da sange ga kowane gado.
5. Madafa mai fitar da hayaƙi.
6. Daɓen ɗaki, don a samu sharewa da wankewa inda yara ke rarrafe.
7. Kwano, tare da silin ɗinsa.
8. Fenti da ado.

Biyar na farko, yawancinsu ƙarfin jiki ne da gayya da siminti kaɗan. Ba dole a gama duka a shekara guda ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka ɗauki alƙalami ka rubuta abin da za a saya da kuɗin magini, ka tambayi kanti biyu ko uku kafin ka biya. Ka rubuta yarjejeniya da magini a gaban shaida. Kuma ka tambayi uwargida. Ita ke yini a gidan, ita ta san inda ruwa ke kwanciya, da ɗakin da ya fi zafi, da inda hayaƙi ke taruwa. Tun ran gini ran zane. Taga da aka bari lokacin jera bulo ba ta cin ko dala, amma fasa bango daga baya aiki ne.

Abu na ƙarshe, itace. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun yi suna a duniya wajen renon gawo a gonaki, kuma a 2020 hukuma ta fitar da dokar da ta amince da haƙƙin manomi a kan bishiyar da ya rena. Mu yi wa gida irin abin da muka yi wa gona. Dogon yaro a yammacin ɗaki yana tare ranar la'asar, sai dai a ba shi tazara don kada saiwa ta taɓa tushe. Wanda ke da fadama ya binne ƙwallon giginya. Shi ba zai sari azararta ba, amma jikansa zai yi rufi da ita.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gobe da safe, kafin ka tafi kasuwa tambayar kuɗin kwano, ka durƙusa ka taɓa gindin bangonka. In ƙasa ta zubo a hannunka, ka san inda aikin bana zai fara.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damana mai albarka.